Dakta a Koyar da Lissafi: Wa Ya Ce Mafakar Waɗanda Lissafi Ya Kayar Ce?

Kwanakin baya na zauna a zauren da wata ɗaliba take kare kundinta na digirin digirgir. Ba na cikin masu yi mata tambayoyi, ɗan kallo ne ni. Ta shafe shekara huɗu tana bin yaran firamare aji aji, tana nazarin yadda suke fahimtar alamar daidai, 'yan layukan nan biyu da muke ja kafin mu rubuta amsa.

Da aka tashi muna saukowa daga bene, wani farfesan lissafi da nake ganin girmansa ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce, "Malam, yanzu fisabilillahi a kan alamar daidai za a ba mutum dakta? Ai wanda lissafi ya kayar shi ne yake gudowa nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mana afuwa," muka yi dariya muka rabu. Ba a jayayya da babba a kan matakala. Amma maganar ta kwana tana cina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina a fili yake. Digirin digirgir a fannin koyar da lissafi ilimi ne mai zaman kansa, yana da tambayoyinsa da hanyoyin bincikensa, kuma duk ƙasar da take son yaranta su iya lissafi tana buƙatar masu shi. Sai dai akwai sharaɗi: wanda za a ba shi ya san lissafi da gaske, kuma ya san abin da ke faruwa a cikin kan yaro sa'ad da yake fama da shi. In ɗaya ya ɓace, farfesa ya yi gaskiya.

Bari na fara da alamar da aka yi wa dariya. Rubuta wa yaro wannan a allo: 8 + 4 = __ + 5. Amsar 7 ce. Amma masu bincike sun daɗe da gano cewa yara da yawa, har da 'yan ajin ƙarshe na firamare, 12 suke rubutawa, wasu kuma 17. Sun iya tarawa sarai. Matsalar ita ce a wurinsu alamar tana nufin "ga amsa nan tafe", alhali ma'anarta "abin da ke dama nauyinsa ɗaya da abin da ke hagu". Yaron da ya tafi da wannan fahimta zuwa sakandare, ranar da aka ɗora masa 2x + 3 = x + 10 zai tsaya cak, domin ga alama ga kuma babu amsa a bayanta. Daga nan a ce aljabara ta fi ƙarfinsa. Ba aljabara ta kayar da shi ba, tun aji biyu aka yi masa ƙafar ungulu.

"Wanda ya iya lissafi ai zai iya koyar da shi"

Wannan ce hujjar da ta fi kowace yawo a bakin mutane, kuma ita ce ke ƙarƙashin maganar farfesa.

Ga takardar wata yarinya: 52 a debe 38, ta rubuta 26. A ƙasa, 71 a debe 45, ta rubuta 34. Gwanin lissafi zai ja jan biro sau biyu ya wuce, kuma bai yi kuskure ba. Wanda aka horar a fannin nan zai tsaya ya ce, yarinyar nan ba caɓe take yi ba, doka take bi. A kowane layi tana cire ƙaramar lamba daga babba, ko wacce ce a sama: 2 daga 8 saura 6, 3 daga 5 saura 2, ga 26. An taɓa gaya mata a ajin baya cewa ba a cire babba daga ƙarami, ta riƙe maganar gam, kuma tana yi mata biyayya.

Tun 1978 wasu masu bincike biyu a Amurka, John Seely Brown da Richard Burton, suka nuna cewa kurakuran yara da yawa a debewa irin wannan ne: tsari ne mai ƙa'ida wanda ya karkace a wuri guda. Amfanin sanin haka a aikace yake. In ka ba yarinyar nan tambayoyi hamsin ta je ta yi a gida, ka taimaka mata ta ƙware a kuskurenta ne kawai.

Duniya ma ta taɓa gwada ra'ayin farfesa, kuma da kuɗi masu yawa. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, aka tara manyan masana lissafi su sake rubuta manhajar makarantu. A 1958 aka kafa wani babban kwamiti ƙarƙashin Edward Begle, masanin lissafi daga jami'ar Yale. Faransa da ƙasashe da dama suka bi sahu. Abin da ya fito shi ake kira sabon lissafi: aka sauko da nazarin rukunin abubuwa da ƙidaya a tushen da ba goma ba har cikin firamare. Lissafin da ke cikin littattafan babu aibi. Amma malaman da za su koyar ba a shirya su ba, iyaye sun kasa taimaka wa 'ya'yansu, kafin ƙarshen shekarun 1970 an janye mafi yawansa.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne Begle kansa. Bai ɗora wa yara laifi ba. Ya karkata ga binciken yadda ake koyo da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa, kuma cikin abin da ya tattara akwai wanda bai yi wa 'yan uwansa daɗi ba: yawan darussan lissafi mai zurfi da malami ya ɗauka a jami'a ba ya nuna kai tsaye yadda ɗalibansa za su ci.

Sannan masu cewa fannin mafakar raunana ne su duba waɗanda suka kafa shi. Da aka kafa hukumar duniya ta koyar da lissafi a birnin Roma a 1908, shugabanta na farko Felix Klein ne, na jami'ar Göttingen a Jamus, wanda sunansa ke cikin littattafan da farfesa yake koyarwa da su. Hans Freudenthal na Holan, wanda ya kafa mujallar bincike ta fannin a 1968 ya kuma kira babban taron duniya na farko a Lyon a 1969, sai da ya yi suna a lissafi tsantsa kafin nan. Waɗannan ba gudun hijira suka yi ba.

Klein ne ma ya sa wa wata cuta suna, wadda har gobe muna fama da ita. Ya ce ɗalibi yana yin yankewa sau biyu: in ya shiga jami'a sai ya manta da lissafin makaranta don ba ya ganin alaƙarsa da abin da ake koya masa, in ya gama ya koma aji a matsayin malami sai ya ajiye na jami'ar ya koyar yadda aka koya masa yana yaro. Shekara huɗu sun tafi, ba su taɓa allo ba.

"Tsohon malami ya fi ku sani"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, kuma ina jin ta daga mutanen da nake kunya. Malamar da ta yi shekara talatin a aji uku ta san abubuwan da ba su cikin kowane kundi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yarda.

Amma ranar da ta yi ritaya, ina ilimin yake zuwa? Gida yake bin ta. Kuma a cikin abin da ta sani akwai na gaskiya, akwai wanda sabo ne kawai ya mayar da shi kamar gaskiya, ita kanta ba ta da hanyar rarrabewa, domin aji ba ya ba mutum sararin zama da yaro ɗaya awa guda.

A 1973 wani ɗalibin digirin digirgir a jami'ar Illinois, Stanley Erlwanger, ya wallafa hirarrakin da ya yi da wani yaro ɗan aji shida da ya sakaya sunansa da Benny. Yaron yana cikin wani shiri da kowa ke tafiya da saurinsa, ana duba amsoshinsa da takardar amsa, kuma malamarsa tana lissafa shi cikin na gaba gaba. Da Erlwanger ya zauna da shi ya ce ya bayyana yadda yake yi, sai ga abin mamaki. A wurin Benny 2 bisa 10 daidai yake da 1.2, domin yana tara 2 da 10 ya sa ɗigo. In ka ce ya tara 0.3 da 0.4 sai ya ba ka 0.07. Ya ƙirƙiro dokokinsa, yana da hujja a kan kowace, kuma ya yi shekaru a haka yana wucewa ba wanda ya lura.

Malamar ba sakarai ba ce. Makin da ke gabanta ne ya ce mata lafiya lau. Sai da aka sami mutumin da aikinsa ke nan, ya zauna ya yi tambaya ya yi shiru ya saurara, sannan asiri ya tonu. Wannan ɗan rubutu ya sa mutane da yawa sun daina ɗaukar cin jarrabawa a matsayin shaidar fahimta.

Kuma ba gaba ake yi tsakanin malami da mai bincike ba. A 1957 wasu mata da miji 'yan Holan, Dina van Hiele-Geldof da Pierre van Hiele, dukansu malaman sakandare, suka kammala digirin digirgir a jami'ar Utrecht. Abin da ya kai su shi ne takaicin da kowane malamin jometiri, wato lissafin siffofi, ya sani: ka yi bayani har muryarka ta dushe, yara suna kallonka kamar da wani yare kake magana. Suka nuna cewa fahimtar siffofi hawa hawa ce. Yaron da yake gane murabba'i da kamanninsa kawai, in ka juya masa shi ya tsaya a kan kusurwa sai ya ce ba shi ba ne, ba zai fahimci hujjar da aka gina a kan sifofinsa ba komai ƙwarewarka. Takaicin nasu da a ɗakin malamai ya tsaya, da ya mutu tare da su. Guy Brousseau na Faransa, wanda aka fara ba lambar yabo ta Felix Klein a 2003, shi ma da koyarwa a firamare ya fara.

Inda farfesa yake da gaskiya

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba haka kawai raini ya faɗo daga sama ba.

Na karanta kundaye da dama waɗanda in ka goge kalmar "lissafi" daga takensu ka sa "tarihi" ko "kiwon lafiya", babu shafin da zai buƙaci gyara. An raba wa ɗalibai ɗari uku takardar tambayoyi: kana son lissafi ƙwarai, kana so, ba ka so, ba ka so ƙwarai. An zuba a kwamfuta, ta fitar da jadawali, an rubuta cewa akwai alaƙa tsakanin sha'awa da cin jarrabawa. To, wa bai sani ba? Daga bangon farko zuwa na ƙarshe ba za ka ga lamba ɗaya da hannun yaro ya rubuta ba.

Akwai kuma ɗan uwansa. A ɗauki aji biyu, mai binciken ya koyar da ɗaya da sabuwar dabararsa na mako shida, da ɗokinsa da kayan aikinsa, ɗayan a bar shi da malamin da ya gaji. A yi jarrabawar da mai binciken ya tsara da kansa. Sabuwar dabara ta yi nasara. Kullum tana nasara. Ban taɓa karanta irin wannan kundin da ya ƙare da cewa dabarar ba ta yi aiki ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakka. Da duk dabarun nan suna aiki yadda aka rubuta, da yanzu babu yaron da ke tsoron lissafi a doron ƙasa.

Irin wannan aiki ne farfesa ya saba gani, shi ya sa da ya ga na ƙwarai bai gane shi ba. Laifin kuwa ba na ɗalibai ba ne su kaɗai. Mai duba aikin da ke riƙe da mutum goma sha biyar zai fi son kundin da ya san fasalinsa tun kafin a rubuta.

Wanda zai koyar da masu koyarwa

Mafi yawan masu wannan digiri ba a ɗakin bincike za su ƙare ba. Gaban malaman gobe za su tsaya. A nan ne abin ya daina zama gardamar 'yan jami'a.

Mu ɗauka mutum yana yaye malamai 100 a shekara, kowannensu yana karɓar yara 40 duk shekara. Yaye ɗaya kaɗai, yara 4,000 ke nan a shekarar farko. In shi kansa abin da ya sani game da raba lamba da ɓangare, irin su rabi ko kwata, bai wuce "juya ka ninka" ba, haka zai miƙa, haka za a yi ta miƙawa.

Akwai tambayar da nake yi wa ɗalibaina masu shirin zama malamai a makon farko. Ina rubuta 1¾ ÷ ½ a allo. Kusan kowa yana samo 3½ cikin minti ɗaya. Sai na ce, to, a ba ni labarin da wannan lissafi yake warwarewa, irin wanda za a ba ɗan shekara goma.

Ajin yakan yi tsit. Can wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mutum biyu ne za su raba igiya mai tsawon mita ɗaya da uku bisa huɗu." Na ce, kowa zai sami nawa? Ya lissafa ya ce bakwai bisa takwas. Na ce, amma ka ce amsar uku da rabi ce. Ya dubi allo, ya dubi littafinsa, ya sosa ƙeya. Ya raba da biyu ne, ba da rabi ba, kuma bai taɓa sanin akwai bambanci a ma'ana ba.

Labarin da ya dace shi ne: ga igiyar, kana yanka ta guntu guntu, kowane guntu rabin mita, guntu nawa za ka samu? Uku, da saura. A nan wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni ta ce, "Malam, ai abin da ya rage kwatan mita ne, me ya sa muke cewa uku da rabi?" Na ji daɗin tambayar nan fiye da duk amsoshin da aka ba ni a zangon. Kwatan mita ne, amma rabin guntu ne, kuma guntu muke ƙirgawa. Mun ci ragowar darasin a kan wannan, ban yi nadama ba.

Ba ni na ƙirƙiro tambayar ba. Ta shahara ne ta hanyar Liping Ma, wadda ta yi koyarwa a wata firamaren ƙauye a ƙasar Sin kafin ta yi digirin digirgir a jami'ar Stanford. A binciken da ta wallafa a 1999 ta kwatanta malaman firamare 23 na Amurka da 72 na Sin. Na Sin duk sun sami amsar, kuma mafi yawansu sun kawo labarin da ya dace. A cikin na Amurka ƙasa da rabi ne suka sami amsar, mutum ɗaya tak ya kawo labarin da ma'anarsa ta yi daidai. Abin lura shi ne na Amurkan sun fi shekarun karatu. Abin da na Sin suka fi su da shi zurfi ne a cikin lissafin da suke koyarwa ɗin kansa.

Malaminta a Stanford, Lee Shulman, tun 1986 ya yi bayanin cewa akwai wani ilimi da ke tsakanin sanin darasi da sanin dabarun koyarwa: sanin misalin da zai buɗe wa yaro kai, da inda zai yi tuntuɓe, da dalilin tuntuɓen. Sashen lissafi ba ya koyar da shi, don yana ganin ya yi ƙasa. Sashen ilimi na gama-gari ba ya koyar da shi, don ba shi da lissafin. In babu mutanen da aka horar musamman a kansa, babu mai ɗauka.

Wasu suna ƙorafin cewa digirin yana kwashe malaman kirki daga aji. Gaskiya ne yana yi. Amma in wanda aka ɗauke zai dawo ya gyara malamai ɗari, ban ga asara ba. Asarar tana wurin wanda ya tafi ya dawo da laƙabi kawai, ya shekara ashirin yana koyar da yadda ake koyar da yara bai sake shiga ajin yara ba.

Da ni ke da iko da irin wannan shiri, ba zan karɓi wanda bai taɓa riƙe alli a gaban yara ba, sai in zai yi hakan a cikin karatun. Zan sa ya ci gaba da karatun lissafi a sashen lissafi, a zauna da shi a jarraba shi kamar kowa, amma a haɗa masa da komawa kan lissafin firamare da sakandare ya tona shi har saiwa: me ya sa ragi sau ragi yake ba da ƙari, me ya sa ba a rabawa da sifili. Zan sa ya koyi ƙididdiga sosai, yadda zai iya gane ƙarya in an yi ta da jadawali, har da tasa. Kuma ba zan sa hannu a kundin da babu aikin ɗalibi ko maganar malami a cikinsa ba.

Ranar kare kundi kuwa, farfesan nan nake so a gayyato ya zauna cikin masu tambaya. Da gaske nake. Idonsa zai kama lissafin da ya karkace, wanda mu 'yan fannin mukan bari ya wuce don kara. Abin da zan roƙe shi kawai, kafin ranar ya ba mu yamma uku ya zauna a bencin baya na aji huɗu, a ba shi takardun yara talatin da suka rubuta 12 a cikin gurbin nan, ya gaya mana abin da zai ce musu gobe da safe.